Dutsen Uban Bagudu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa teku ya rataye wata a bisansa, ya ce wa ruwa cika sai ya cika, ya ce masa janye sai ya janye. Bayan haka, ya ku dattawan Majalisar Tsibirai, ku da kuke zaune inda kowace ƙara take zuwa ta ƙare, ga hikayar Arzika ɗan Tambai, tsohon malamin makarantar Kurmalla, da abin da ya gani a tekunan da ke bayan faɗuwar rana, da abin da aka yi masa bayan ya dawo. Ban zo roƙo ba. An zalunce ni, ina so a gyara. Zan faɗi komai bi da bi, yadda na saba sa yara su yi, wanda ya ga kuskure ya tashi ya nuna mini wurin.

Kurmalla ɗan tudun rairayi ne a tsakiyar teku, katangar murjani ta kewaye shi. Murjani abu ne mai rai ko da yake kama da dutse yake. Yana tsiro a ƙarƙashin ruwa reshe-reshe, ja da shuɗi da ruwan ƙasa, a cikinsa kifi ke haihuwa, shi ne kuma ke tare mana igiyar ruwa. Tsakanin katangar da tudun akwai ruwa marar zurfi da muke kira Ƙwarya. Ƙofa ɗaya tak ke haɗa Ƙwarya da babban teku, ita muke kira Maƙogwaro.

Ba mu da dutse a tsibirinmu, shi ya sa dutse ya zama abin girmamawa a wurinmu. Idan mutum ya rasu aka binne shi a tudu, sai magada su nemo dutse daga wata ƙasa su jefa a Maƙogwaro da sunansa, domin duk mai fita su ya bi ta kansa ya yi masa addu'a. A zamanin kakanni dutsen bai wuce dunƙulen hannu ba. Na matata Dela kamar tukunyar miya yake. Amma da jirage suka ƙara girma sai duwatsu ma suka ƙara, kowane gida yana so ya fi maƙwabcinsa. Da tsohon Sarkin Ruwa ya rasu, ɗansa Bagudu, wanda ya gaje shi, ya sa aka jawo wani dutse mai girman rumbu, aka sake shi a tsakiyar Maƙogwaro da kiɗa da guɗa. Wannan Bagudun ni na koya masa karatu. Yaro ne mai ladabi, marar saurin fahimta.

Bazarar da ta biyo baya ruwan Ƙwarya ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Murjani ya fara fari daga kudu, farin ya yi ta cin gaba. Kifi ya ragu, sannan ya ƙare.

'Ya ɗaya gare ni, Tabawa, tana auren wani masunci, Korau, suna da 'ya'ya ƙanana. Su ne duk abin da nake da shi, kuma gida ɗaya muke. Wata rana ta ajiye mini akushi, na buɗe na ga rogo ba romo.

Ta ce, "Baba, Korau ya ce idan shekara ta zagayo babu kifi, za mu bi 'yan'uwansa gabas."

Na ce, "Korau ya ce, ko ke kika ce?"

"Ni na ce, shi ya ɗaga kai."

"To ni fa?"

"Kai ba ka iya barin kabarin Inna, kowa ya sani. Ni kuma ba na iya kallon yara suna lasar tukunya."

Ban yi mata musu ba, domin babu kuskure a maganarta. Na ce ta ba ni shekarar. Abin da ya sa murjani fari yana da dalili, kuma ban taɓa yarda yaro ya ce mini "haka kawai" ba, balle in yarda teku ya ce mini. Na ɗauki sandata da gorar ruwa, na shiga jirgin fatake.

Ƙasar farko da na sauka ita ce Tsibirin Alli. Tun daga nesa na hango katangar murjaninsu ja wur kamar an zuba gauta, na ce alhamdu lillahi, na zo inda ake da magani. Da muka matso sai na ga mutane tsaye cikin ruwa zuwa ƙugu, kowa da ƙwaryar rini da tsumma. Murjaninsu ya mutu tun zamanin iyayensu. Sarkinsu ya yanke cewa kifi launi yake bi, saboda haka kullum ruwa ya janye sai a fito a shafa rini, ruwa ya cika ya wanke, gobe a sake. Duk baƙon da ya sauka kuwa ba ya fita, ana ƙara shi cikin masu shafa.

Shugaban masu shafan wani kakkauran mutum ne mai suna Jibo, hannayensa sun rine har gwiwa. Na ce masa ni malami ne.

Ya ce, "Madalla. Ka iya riƙe alƙalami ke nan, tsumma ba zai gagare ka ba."

Na ce, "Tun da kuka fara, kifi ya dawo?"

"Bai dawo ba tukuna. Jan ne bai kai ba."

Na yi shafa har wata ya mutu ya sake tsayawa. Ban yi fushi ba, ban yi kuka ba, hannuna dai yana tafiya. Amma ido ba ya barin aikinsa. Na lura ruwa ba ya janyewa daidai kullum. Idan wata ya yi rabi, kaɗan yake cika, kaɗan yake janyewa. Idan wata ya cika ko ya ɓace, sai ya cika har bakin bukkoki, ya janye har ƙasan teku ta fito fili. A irin wannan babbar janyewa na hango wani siririn rairayi ya ɓullo, ya miƙe daga ƙarshen katanga zuwa wani ɗan tudu inda jiragen gishiri ke tsayawa ɗiban ruwan sha. Masu gadi mashigar jirage kawai suke tsaro.

Da wata ya kusa cika na je wurin Jibo na ce, "Na gano abin da ya hana kifi dawowa. Kuna shafa sama, kifi kuwa daga ƙasa yake kallo. Can ƙarshen katanga, gindinta fari fat."

Ya ce, "Wa zai je can? Wurin da santsi."

"Ni zan je. Aikin da aka bari rabi yana hana ni barci."

Ya ba ni babbar ƙwarya, har ya yaba mini a gaban jama'a. Da rana tsaka na tafi ina shafa ina matsawa, ina shafa ina matsawa, har na hau rairayin. Na ajiye ƙwaryar a inda za su gan ta, domin ba tawa ba ce, na yi ta tafiya. Kafin su farga ruwa ya juyo ya rufe hanyar a bayana. Na ji Jibo yana kira daga nesa cewa in dawo da tsumman.

Jirgin gishirin da na samu na wata mata ce, Lantana, sa'ata a shekaru, mai kaifin baki. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Wannan jan hannun fa, marini ne ko mahauci?"

Na ce, "Malamin makaranta."

"To Malam, a jirgina ba a karatu, tuƙi ake. In ka iya, shigo."

Muka nufi yamma. Bayan mun yi nisa sai muka faɗa Tekun Kwance, inda iska ke mutuwa. Babban zanen da ke kama mana iska ya saki jiki. Ruwa ya kwanta sumul kamar faranti, rana a sama, rana a ƙasa. In ka sa hannu a ruwan sai ka ji kamar kunu. Matuƙa suka yi ta tuƙi har tafin hannunsu ya sale, ba mu san ko muna gaba ko muna baya ba. Ruwan sha ya fara ƙarewa.

Lantana tana da gorar man shanu da take ji da ita, ya narke ya zama ruwa, yana neman lalacewa. Ta toshe bakin gorar, ta ɗaure ta a igiyar dutsen da ake tsayar da jirgi, ta sake ta cikin teku don kada matuƙa su shanye. Igiyar doguwa ce, ta bar ta ta tafi har ƙarshe. Da ta jawo ta da la'asar, ta girgiza gorar, ba ta ji motsi ba.

Ta ce, "An shanye. Wane ɗan banza ne ya nutsa?"

Na karɓa na buɗe. Man yana nan, ya daskare kamar a tsakiyar hunturu. Gorar kanta sanyi ƙalau, har na manna ta a goshina.

Na ce, "Uwar jirgi, ara mini gorar nan."

"Mutane na mutuwa da ƙishi, kai kana aron mai."

Ta dai ba ni. Na yi ta sake ta ina jawowa, gajere, matsakaici, dogo. A sama man ya narke. A tsakiya ya yi kauri. A ƙasa ya daskare. Ashe teku hawa biyu ne. Rana tana dafa na sama, na ƙasa kuwa sanyi ne da bai taɓa ganin rana ba, kuma ya fi nauyi, shi ya sa yake kwance a can. Na faɗa wa Lantana haka. Ta ce in na gama, in tambayi na ƙasan ko ana shan sa.

Abin da ya fitar da mu tsuntsaye ne. Na hango su can gefen arewa suna faɗawa ruwa suna tashi, a kan wani zirin ruwa mai launin kore da ya ratsa shuɗin teku kamar hanya. Na ce tsuntsu ba ya taruwa inda babu kifi, kuma a wannan kunun da muke ciki ban ga kifi ko ɗaya ba, saboda haka ruwan can dabam ne, daga wani wuri yake zuwa, yana kuma tafiya wani wuri. Lantana ta ce in ƙarya nake, ni za a fara jefa wa tsuntsayen. Matuƙa suka tattara sauran ƙarfinsu. Da hancin jirgi ya shiga koren ruwan sai muka ji sanyi ya taso mana a fuska, kifaye manya kamar 'yan maruƙa suna bin gefenmu, jirgin kuma ya kama tafiya da kansa ba mai tuƙa shi.

Ruwan ya kai mu Tsibirin Numfashi. A nan na ga murjani mai rai, wanda ya fi namu a lokacin ƙuruciyata, reshe kan reshe, kifi kamar a ɗiba da hannu. Ranar da ke dukansu ita ke dukanmu. Na tambayi mutanen garin mene ne sirrinsu. Suka ce ba su da wani sirri, sai dai ciwon ƙafa. Wani dattijo, Shekarau, wanda ya sauke ni, ya ce tekunsu la'ananne ne, yana huro musu sanyi daga ƙasa, duk masuncin da ya tsufa gwiwarsa ta tafi. Da na ce masa namu ruwan ɗumi ne dare da rana, sai ya ce, "Kai, kun ji daɗinku. Da ɗaki a garinku?"

Su ma katanga ce ta kewaye su, da ƙofa ɗaya mai zurfi. Na je na tsaya a bakin ƙofar, ruwa zuwa ƙirji, lokacin da teku ya fara cika. Da fari ba komai. Can sai na ji wani abu ya lasar mini idon sawu, ya hau ƙwauri, ya tsaya a gwiwa. Ƙirjina cikin ɗumi, ƙafafuna cikin ƙanƙara. Lantana ta bar mini gorar man kafin ta wuce, ta ce ai na riga na lalata shi da tambaya. Da ita na yi ta gwaji, wata yana girma yana raguwa. A rabin wata sanyin kaɗan ne. A cikar wata da mutuwarsa, lokacin da teku ke cika da ƙarfi, sai ya turo ruwan zurfi ya hau gangaren, ya bi ta ƙasan ƙofa, ya bazu a gindin murjani ya kashe masa zafin rana. Idan kuma iska ta daɗe tana kaɗawa ta gefen tsibirin, tana kore ruwan sama mai ɗumi, na ƙasa ya taso ya maye gurbinsa. Shi ne koren zirin da ya cece mu.

Ina tsaye a wurin na tuna cewa muna yara, in muka yi iyo a Maƙogwaro, mukan fito haƙoranmu na kaɗawa. Na yi ƙoƙarin tuna yaushe na ji wani yaro a Kurmalla ya yi kukan sanyin ruwa. Ban tuna ba. Ban ji murna ba da na gane. Na fito, na goge ƙafafuna, na nemi jirgin gida.

Na tarar farin ya ci rabin katanga. Tabawa ta fara ɗaure kaya. Kafin in sha ruwa na sa Korau ya kai ni Maƙogwaro, na saki gorar man a wajen ƙofa, ta fito a daskare. Na sake ta a cikin ƙofa, bayan tarin duwatsu, ta fito a narke. Korau mutum ne da tun da ya auri 'yata bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ya dubi gorar, ya dubi ruwa, ya ce, "Baba, kada dai ka faɗi abin da nake jin za ka faɗa."

Na faɗa, a gaban Bagudu da dattawansa. Na ce duwatsun matattunmu sun yi shinge a ƙasan Maƙogwaro, dutsen tsohon Sarkin Ruwa kuma ya toshe 'yar hanyar da ta rage.

Wani dattijo ya ce, "Malam, ai ruwa yana shiga. Jiya ma ta nan na wuce da jirgina."

Na ce, "Jirginka a sama yake tafiya, Anko. Tun kana yaro ba ka duba ƙasan allo."

Na sa aka kawo kwatanniya, na gina ɗan shingen yumɓu a tsakiyarta, na cika ta da ruwan ɗumi har ya rufe shingen. Na kawo ruwan randa mai sanyi da na rina da baba, na zuba a hankali a gefe ɗaya. Shuɗin ya nutse, ya bi ƙasa yana rarrafe, ya zo shingen ya tsaya. Na sa yatsa na fasa shingen, shuɗin ya kwarara ɗaya gefen. Sannan wani ya ce in sake yi, ɗan'uwansa bai gani da kyau ba. Na sake. Suka yi ta jinjina kai suna cewa Malam dai Malam ne.

Bagudu ya ce, "Allah ya ƙara basira, Malam. Abin ya yi kyau ƙwarai."

"Ba don kyau na yi ba, Bagudu."

Wani bafade ya ce a nan Sarkin Ruwa ake cewa. Na ce masa lokacin da nake goge wa Sarkin Ruwa majina, shi yana ina.

Bagudu ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Malam, na gane. Wallahi wannan karon na gane. Amma kana so in ce wa jama'a ubana ne ya kashe musu kifi?"

"Ubanka yana tudu a kwance. Dutse nake magana."

"A wurinka dutse ne."

Aka tashi a haka.

Da na koma gida Tabawa ta ce, "Baba, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ta ce, "To yaya ake ɗaga abin da ya kai rumbu?" Na ce ba mu za mu ɗaga ba, wata ne zai ɗaga.

Niyyata, kuma ina so a rubuta wannan daidai, ita ce a ɗauke dutsen a kai shi cikin Ƙwarya, a ajiye a rairayi inda kowa zai gan shi ya yi addu'a. Muka jira cikar wata. Bagudu ya tafi ziyara wani tsibiri. Da hantsi, ruwa ya janye iyakar janyewarsa, Korau ya kawo manyan jiragensa biyu, muka haɗa su da gungumen itace, muka tsayar da su a kan dutsen. Tabawa, wadda tun tana yarinya take nutso ɗiban kawa a ƙasan teku, ta yi ta shiga tana fitowa har ta zagaye gindin dutsen da igiyoyi. Muka ɗaure su tamau a gungumen. Jama'a suka taru a gaɓa suna kallo. Ba wanda ya hana, domin ina tsaye a cikin jirgin, kuma a Kurmalla ɗalibi ba ya ɗaga wa malaminsa hannu, duk wanda ke gaɓar nan kuwa ya zauna a gabana.

Ruwa ya fara cika. Igiyoyi suka miƙe. Jiragen suka yi ta nutsewa har ruwa ya kusa bakinsu, itace yana kuka. Korau yana salati. Sai muka ji wani gurnani daga ƙasa, jiragen suka yi tsalle, dutsen ya bar wurinsa.

Kuskuren lissafin ɗaya ne, nauyi. Mun ɗauka za mu ja shi ciki kafin ruwa ya juya, amma jiragen suka ƙi tafiya sai da ƙyar. Ruwa ya juya ya fara janyewa, ya ja mu waje ta Maƙogwaro, ya kai mu kan zurfi. Igiya ɗaya ta tsinke, jirgin da Tabawa ke ciki ya karkata, ruwa ya fara shiga. Na ce wa Korau ya yanke sauran. Ya dube ni ido cikin ido, karo na farko. Na sake cewa ya yanke. Wuƙar tasa ce, umarnin nawa ne. Dutsen ya tafi inda igiya ba ta kaiwa. Ruwan da ke fita kuma ya bi ramin da ya bari, ya kwashe ƙananan duwatsu da yawa ya bi da su. Ko na Dela yana ciki, ban sani ba.

Da Bagudu ya dawo aka yi shari'a. Na tashi na ce ni na tsara, ni na umarta. Aka ce an ji. Sannan aka ce dokar Kurmalla ta hana ɗalibi ya hukunta malaminsa, saboda haka ba ni da laifin da za a iya kama ni da shi. Korau kuwa ya yanke igiya, Tabawa ta ɗaura. Aka ƙwace jiragen biyu, aka ba su ƙaramin kwalekwale, aka ce su da 'ya'yansu kada su sake taka Kurmalla.

Na ce a kore ni tare da su. Aka ce ba a korar malami.

Na ce to zan bi su da ƙafata. Tabawa ce ta hana. A bakin ruwa, yara suna cikin kwalekwale, ta ce, "Baba, ka san doka, gidan da ya kwana ba kowa na majalisar Sarkin Ruwa ne. In ka biyo mu, ba mu da ƙofar dawowa. Ka zauna ka riƙa hura wuta."

Na ce, "Har yaushe?"

Ta ce, "Kai ne mai lissafi."

Suka tafi. Na tsaya har na daina ganinsu, na koma gida na hura wuta. Ban ji komai a raina ba, kuma har yau ban fara ji ba.

Da wata ya mutu, babbar cika ta zo, yara suka fito daga Maƙogwaro suna rawar ɗari, iyayensu mata suna mamaki. Murjanin arewa, wanda bai gama mutuwa ba, ya fara mayar da launinsa. Na kudu yana nan fari. Ƙananan kifi suka dawo, manya suka biyo su. Yanzu kowane gida ana suya. Kowace safiya Bagudu yana aiko mini da kifi mafi girma, kowace safiya ina mayar masa. Na je ƙofarsa kan maganar Tabawa har ban san iyaka ba, kullum a shimfiɗa mini buzu, a ba ni ruwa, a raka ni.

Kwanan baya ya same ni da kansa a bakin Maƙogwaro, ba fadawa. Ya tuɓe takalmi ya shigo ruwan ya tsaya kusa da ni.

Ya ce, "Malam, da sanyi."

Na ce, "Na sani."

"Kai ka yi mana wannan. Kowa ya sani, ko ba a faɗa ba."

"To dawo mini da 'yata."

Ya dubi ƙafafunsa. Ya ce, "In na dawo da su, na ce abin da suka yi daidai ne. In daidai ne, to ubana toshiya ne. Ba zan iya ba, Malam. Amma ban manta alherinka ba. Na yi maka tanadin abin da ba a taɓa yi wa kowa ba a tsibirin nan. Gobe za ka gani."

Washegari jirage suka iso suna jan wani abu. Garin duka ya fito da igiya, aka mirgino shi har ƙofar gidana. Dutse ne baƙi, ya fi na ubansa tsawo, ya fi shi faɗi. An sassaƙa sunana a jiki, kuma an rubuta shi daidai. Bagudu ya tsaya a gaban jama'a ya ce ranar da Allah ya karɓi Malam, a tsakiyar Maƙogwaro za a sa shi, don kada wani jirgi ya fita bai bi ta kansa ba. Mata suka yi guɗa. Anko ya rungume ni yana hawaye.

Na ce, "Bagudu, me na nuna maka a kwatanniya?"

Ya ce, "Shuɗin ruwa, Malam. Ai ban manta ba."

To, ya ku dattawa, ƙarata ke nan. A mayar wa Korau jiragensa. A buɗe wa Tabawa da 'ya'yanta hanyar gida, a kuma faɗa a bainar jama'a cewa umarni suka bi, mai umarnin yana nan, in akwai hukunci nasa ne. A hana jefa dutse a Maƙogwaro, nawa da na kowa. Ba na neman godiya, ba na neman kifi.

Dutsen yana ƙofata, ya tare mini hasken safe. Yara suna wasa a kansa, masu wucewa suna shafa shi suna yi mini fatan alheri. Ina cin abinci ko ba na jin yunwa, ina kauce wa raɓa, ina taka ƙasa a hankali, domin muddin ina numfashi gidan Tabawa yana da wuta, Maƙogwaro kuma yana buɗe. Amma ni tsoho ne, kuma tari ya kama ni tun farkon damina. Ku yi hukunci da wuri.